Filin Gyaran Gida: Kafin Hadari Ya Haɗo

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan ruwa suke, kuma na ji daɗin zuwansu yanzu da muke cikin Maris, ƙasa a bushe, kafinta da birkila ba su shiga rububin aiki ba tukuna. A al'ada sai Agusta irin waɗannan tambayoyi ke iso ni, bayan katifa ta jiƙe an shanya ta a kan katanga, a lokacin kuwa abin da zan iya cewa bai wuce Allah Ya kiyaye gaba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na rage tsawon wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Injiniya, gidana a Tudun Wada ta Kaduna yake, gadon mahaifinmu ne. Bara aka gyara mana layi, aka yi ciko, aka shimfiɗa kwalta, aka gina kwata, muka yi ta murna. Amma tun daga nan, da an yi ruwa mai ƙarfi sai tsakar gida ya koma tafki, har ya taɓa shiga ɗaki biyu. Wani birkila ya ce in jera bulo a bakin ƙofa, shi ke nan an gama. In yi? — Wani magidanci, Tudun Wada

AMSA: Malam, dakata da sayen bulon nan. Abin da za ka fara ganowa shi ne, ruwan da ke cika maka gida na titi ne yake shigowa, ko kuwa naka ne ya rasa ta inda zai fita? Bulon bakin ƙofa maganin na farko ne kawai. In na biyun ne ke damunka, to da kuɗinka ka gina wa kanka dam.

Mutane ba su san yawan ruwan da gida ke tarawa ba. Ruwan sama milimita 1, in ya sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. Fulotin ƙafa 50 da 100 ya haura murabba'in mita 450. In aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin labari ba ne a Kaduna cikin Agusta, lita 13,500 ta sauka a gidanka, sama da duro 60 irin mai cin lita 200. A zamanin mahaifinku tsakar gidan ƙasa ne, yana shanye wani kaso. Yanzu ina kyautata zaton an malale shi da siminti, don haka duk wannan ruwa ta rariya ɗaya zai bi, wadda ƙila faɗinta bai fi tafin hannu ba.

Ga yadda za ka auna, ba sai ka biya safiyo ba. Sayi tiyo siriri mai haske, irin wanda ake ganin ruwa a cikinsa, kamar mita 20. Cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska da ta maƙale a hanya. Yaro ya riƙe baki ɗaya a tsaye a cikin kwatar waje, kai ka riƙe ɗayan a inda ruwa ya fi kwanciya a tsakar gida. Ku jira ruwan ya daina rawa. Kan ruwan da ke hannunka da wanda ke hannun yaron daidai suke, ko da akwai katanga a tsakaninku. Sai kowa ya sa tef ya auna daga kan ruwan zuwa ƙasa. Wanda awonsa ya fi tsawo, wurinsa ne ya fi kwari.

In ka samu tsakar gida ya fi gindin kwata tudu da ƙafa 1 ko fiye, ka gode wa Allah, aikinka kaɗan ne. Galibi masu gina kwata ne suka zuba kankare suka toshe tsohuwar rariya, ko suka bar mata 'yar kafa. Ka sanar da mai unguwa da masu kula da titin, a huda a sa bututu mai inci 6, biyu ma in da hali, a ba shi gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita. Bakinsa ya fito a saman bangon kwata, ba a gindi ba, ya ɗan karkata ya bi inda ruwa ke gangarawa. Sannan a rataya masa marfi na guntun roba mai kauri, a ɗaure ta sama kawai yadda zai riƙa lilo. Ruwan gida in ya zo ya ture shi ya wuce, in kuwa kwata ta cika ta tumbatsa, ita da kanta za ta danne marfin ya rufe.

Idan kwata ce ta fi gidan tudu, nan magana take. Kowa zai ce maka ciko. Ciko yana aiki, amma in ka ɗaga tsakar gida ka bar daɓen ɗakuna yadda yake, tafkin ka kwasa daga waje ka kai ƙarƙashin gado. Ɗaga daɓe kuma yana jawo yanke ƙofofi, wani lokaci har da ɗaga rufi, kuma a tsohon gida kuɗin kan kai inda za a fara tunanin rushewa a sake gini. Ni shawarar da nake fara bayarwa ita ce a kama ruwan tun yana sama. Rabin fulotinka ko fiye rufi ne, kuma ko nawa aka yi ciko a titi, rufi ya fi shi tudu. Sa indararo a duk bakin kwano, a haɗa su da bututun da zai bi jikin bango ta sama, ya tsallake katanga ya sauka a kwata ba tare da ya taɓa tsakar gida ba. Da wannan kaɗai ka sauke rabin nauyin, in ka sa tanki a hanya kuma uwargida ta samu ruwan wanki. Ragowar da ke sauka a tsakar gida sai a haƙa masa rami a kusurwar da ta fi kwari, a gina shi da bulo, a rufe da ragar ƙarfe, a sa ƙaramin injin jan ruwa. Sai dai ka san halin wutarmu, da iska ta kaɗa an ɗauke, don haka ka sayi wanda janaretonka zai iya tayarwa.

Bayan duk wannan ne za a zo kan bulon birkilanka, a ɗaga dokin ƙofa, a yi wa mashin gangara. Roƙona ɗaya, kada ka zuba kankare ka shafe kwatar ƙofar gidanka don mota ta samu hanya. Sa silaf da mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe. Na tsaya a kan wata da aka shafe haka ranar da aka fasa ta: ledar fiya wata ta haɗu ta zama curi, ga tayar mashin, ga katifar jariri, ƙarƙashinsu yashi ya daskare har sai da aka sa diga. Gidaje shida na sama da ita ne suke kwana a ruwa, shi wanda ya shafe kwatar ko a jikinsa.

TAMBAYA: Ɗana yana aiki a Winifeg ta ƙasar Kanada. Ya sayi tsohon gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, nan yake ajiye kaya da injin wanki, nan ma baƙi ke kwana. Bara cikin Afrilu ya kira ni ya ce ruwa ya shiga ɗakin har idon sawu, kafet da littattafai sun lalace, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Abin ya ɗaure mini kai. Daga ina ruwan ya fito, kuma me zan ce masa ya yi bana? — Wata uwa, Unguwar Rimi

AMSA: Hajiya, gaskiya ya faɗa miki. Ruwan ya riga ya sauka tun Nuwamba da Disamba da Janairu, amma dusar ƙanƙara ce, ta taru a kan rufi da gefen gida tana jira. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu in ɗumi ya shigo, abin da aka yi watanni ana tarawa sai ya narke cikin ɗan lokaci. Ƙasa kuwa har yanzu a daskare take, don sanyin can yana ratsa ta fiye da mita 1, ba ta iya shan ruwa. Inda ke fara saki shi ne ƙasar da ke manne da bangon gida, saboda ɗumin da ke fitowa daga ciki, ga shi ita ce aka haƙa aka mayar lokacin gini, ba ta kai sauran tauri ba. Ruwan harabar gida sai ya nufi nan, ya gangara jikin bango yana neman tsaga. Shi kansa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sanyi ne ya kawo shi. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya ɗaga gini ya tsaga shi, don haka dole su kai harsashi ƙasa da inda daskarewa ke tsayawa. Tun da an riga an haƙa, sai su mayar da ramin ɗaki.

Winifeg kuma ta fi garuruwa da yawa shan wannan wahala. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yumɓu, kuma Kogin Red da ya ratsa ta daga kudu yake tahowa, daga Amurka, ya nufi arewa. Kudu ke fara narkewa, ruwa ya taho ya tarar da gaba a daskare. A 1950 ambaliyarsa ta fitar da kimanin mutum 100,000 daga gidajensu, abin da ya sa aka haƙa babbar magudana mai tsawon kilomita 47 a gabashin birnin, aka gama ta a 1968. Ita ta tsare garin a babbar ambaliyar 1997. Amma wannan magudana da kogi take faɗa, ba ta san da ɗakin ɗanki ba.

Ki ce masa tun yanzu ya ɗauki shebur ya janye dusar da ta taru a jikin bango, ya kai ta nesa kamar mita 2, musamman a bakin tagogin nan da ke daidai da ƙasa masu ɗan rami a gabansu. Ya duba indararo ko ganye da ƙanƙara sun toshe shi, bututun da ke saukar da ruwan rufi kuma a ƙara masa tsawo ya riƙa zubarwa kusan mita 2 daga bango. In ƙanƙara ta rufe ragar magudanar titi a ƙofar gidansa, ya fasa ta.

Sai ciki. A irin waɗannan ɗakuna akan bar wani rami mai marfi a daɓe, inda bututun da aka binne kewaye da harsashi ke tara ruwa, da inji a ciki mai fitar da shi, ɗan'uwan sumon da muke sakawa a bohol. Ya buɗe marfin ya juye bokiti biyu ko uku na ruwa. In injin ya tashi da kansa, ya kwashe, ya mutu da kansa, to lafiya. In bai motsa ba, yau ya kira mai gyara, kada ya bari sai Afrilu lokacin da duk gari ke nemansa. Ya fita waje ya ga bakin bututun injin da idonsa, don sau da yawa inji lafiyarsa ƙalau, bakin ne ya daskare, yana ta gurnani ruwa ba ya fita. Ya haɗa masa batirin ko-ta-kwana. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ramin nan sam, in nasa haka yake, babu aikin da ya fi wannan cancantar kuɗinsa.

Akwai tambayar da nake so ki yi masa: ruwan bara fari ne tas, ko yana wari? In yana wari, ba ta bango ya shigo ba. Magudanar ƙazantar gari ce ta cika ta dawo masa ta bututun banɗaki. Maganinta marfi ne da ake sakawa a babban bututun gida, mai barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa, dabarar nan dai da na ba mutumin Tudun Wada, sai dai wannan mai aikin famfo mai lasisi ke sa shi. Ya kuma karanta takardar inshorarsa da kyau, don a can dawowar ruwan ƙazanta da shigowar ruwa daga waje galibi daban ake biyan kuɗinsu, mutane da yawa sai ɓarna ta auku suke sani. In zafi ya shigo ƙasa ta saki, ya yi ciko a gindin bango yadda ƙasa za ta gangara waje, santimita 15 cikin mita 3 na farko. In kuma ya sauka ya tarar da ruwa, kada ya taka sai an kashe wutar gidan daga waje ko daga sama. Ki gaishe shi, ki ce masa littattafai a kan kanta ake jera su.

TAMBAYA: Zan fara gini a Malali. Ina sha'awar in yi ɗaki a ƙarƙashin ƙasa irin na ƙasashen waje, don sanyi lokacin bazara da kuma ajiya. Mai zane ya ce babu matsala. Me ka gani? — Wani Alhaji, Malali

AMSA: Ranka ya daɗe, karanta amsar Hajiya ta sama tukuna. Su larura ce ta tura su ƙasa, mu kuwa ba mu da ita. Ƙasar Kaduna samanta jar ƙasa ce da marmara, can ƙasa dutse, ruwan damina kuma tsakaninsu yake kwanciya. Ka leƙa rijiyoyin maƙwabta a Satumba, ba yanzu ba. In guga yana taɓa ruwa da igiyar ƙafa 6, to ɗakinka a cikin ruwa zai zauna wani ɓangare na kowace shekara. Ruwan da ya hau mita 1 sama da daɓe yana tura kowane murabba'in mita daga ƙasa da nauyin tan 1. Bulo mai inci 9 da filasta ba za su tare wannan ba, ko wace hoda aka zuba a siminti.

Ana iya yi, amma sai da bangon kankare da rodi, a shafe bayansa da shimfiɗar kwalta, a binne bututu mai huji cikin tsakuwa ya zagaye ginin, a sa inji biyu don in ɗaya ya mutu. Inda ya fi dacewa shi ne fili mai gangara, wanda bututun zai fitar da ruwa da kansa ba sai da wuta ba. In naka shimfiɗaɗɗe ne, kuɗin nan ka hau sama da su. Mai zane kuma ka tambaye shi ya nuna maka wanda ya taɓa yi, ku je tare a Satumba ku shaƙi iskar ɗakin.

TAMBAYA: Haya muke a Kawo. Bangon ɗakinmu daga ƙasa zuwa gwiwa kullum a jiƙe, fenti yana ɓarewa, wani farin gari yana fitowa, tufafin da ke jingine da bangon har fumfuna suke. Mai gida ya ce zai manna tayil. Zai yi magani? — Wata matar aure, Kawo

AMSA: Malama, tayil zai rufe miki ido ne kawai. Danshin zai hau ya ɓullo ta samansa, bayan damina biyu tayil ɗin ya fara ƙara in an ƙwanƙwasa, sannan ya zubo. Farin garin nan gishirin ƙasa da na bulo ne, ruwa ya narkar ya ɗauko shi, ya bushe ya bar shi a nan. Bulo yana tsotsar ruwa daga ƙasa in ba a shimfiɗa leda da kankare tsakanin harsashi da bango ba, ko an shimfiɗa amma ƙasar waje ta taso ta haye shimfiɗar.

Maigidanki ya zagaya bayan ɗakin, a can amsar take. Ƙasar wurin ta fi daɓen ɗakinku tudu? Ruwan kwano a gindin bangon yake zuba? Akwai banɗaki ko sokawe a jikinsa? Ga kuma alama mai sauƙi, tun da ke kin ce kullum a jiƙe: in har yanzu cikin wannan zafin bangon bai bushe ba, ba laifin damina ba ne, bututu ne ke yoyo ko sokawe ta cika, a nemi mai famfo. In kuwa yana bushewa da rani, a kwashe ƙasar waje ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓe, a zuba kankare mai faɗin ƙafa 2 ko 3 a gindin bangon mai gangara waje, a sa indararo. Daga nan a kankare filastar ciki har tsayin mita 1, a bar bulon tsirara ya sha iska makonni, kuma babu lokacin da ya fi yanzu, sannan a sake yaɓawa da siminti mai haɗin maganin ruwa. Kada a shafa fenti mai mai, yana kulle danshi a ciki.

Kafin a yi, ki janye kayan daga bango kamar taƙi ɗaya, ki riƙa buɗe taga, don fumfuna na tayar wa yara tari, balle mai asma. Gyaran gini na mai gida ne. In kuka ga sai kun yi da kuɗinku, a rubuta a takarda gaban shaidu cewa za a cire a kuɗin haya, kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya.

TAMBAYA: Silin falona ya yi jirwaye a kusurwa, kafinta ya hau ya ce bai ga huji ba. Rufin irin na zamani ne da ake ɓoye kwano a bayan bango. — Wani ma'aikaci, Barnawa

AMSA: Ɗan'uwa, ba zai ga huji ba, don da wuya a ce akwai. Irin wannan rufi yana da kwata a bayan bangon da ya ɓoye kwanon. Ƙurar hunturu, ganyen darbejiya, leda, sheƙar tattabaru, duk nan suke taruwa su toshe mafita. Ruwan farko in ya zo sai kwatar ta cika ta koma ƙarƙashin kwano. A share ta yanzu, a ja tiyo a cika ta da ruwa a ga ko yana fita da sauri, a duba tsaga a shafe da kwalta, sannan a huda bangon a sa ɗan bututu sama kaɗan da mafitar, don ranar da ta sake toshewa ruwa ya zuba waje kowa ya gani. Ni dai ban taɓa son rufin nan a garin da ake marka ba, amma ado ya rinjayi mutane.

Tun da kafinta zai hau, ya shiga cikin silin da tsakar rana ya duba inda haske ke shigowa, ya danna katako da sukundireba ko gara ta cinye cikinsa. Ya kuma duba langa-langar da ta ɗaure katakon rufi da bango. Iskar hadarin farko ta Afrilu da Mayu ita ke yaye rufi, kuma ba kwano kaɗai take ɗauka ba, har da katakon, in ƙusa kawai ke riƙe da shi.

TAMBAYA: An yi mini tayin fili da araha kusa da kogi, dillali ya rantse ruwa bai taɓa zuwa wurin ba. Na je na gani, busasshe ne ƙayau. In biya? — Wani matashi, Kabala

AMSA: Ɗana, a Maris ko tsakiyar kogin ma akwai inda za ka taka da takalmi. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato yake tasowa, don haka yana iya kawowa cikin dare ba a yi ko yayyafi a cikin gari ba, ruwan da aka yi a can sama ne ya iso. Duk wanda ya ga ambaliyar 2003 a garin nan ya san inda kogin ke iya kaiwa, kuma mutanen ƙarshen Kigo Road da Rafin Guza da kwarin Unguwar Rimi ba sai an ba su labarin abin da Agusta da Satumba ke kawowa ba. Wuraren da dama fadama ce ta masu lambu kafin a yanka ta fuloti-fuloti.

Ka koma wurin ba tare da dillali ba. Dubi katangun maƙwabta, ruwa yana barin layi miƙaƙƙe a jikin bulo, ko an yi fenti ana gane shi. Dubi ƙofofinsu, in kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa har gwiwa, ba don ado suka yi ba. Dubi ƙasar, in baƙa ce mai tsattsagewa da rani, wurin kwanciyar ruwa ne. Ka zauna wurin mai shayi, ka nemi tsohon mai lambu ko masu ɗiban yashi, su ba su da kamasho a cinikin. Sannan ka kai takardun filin ofishin KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a bincika, ka tambayi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ko za ta ba da izinin gini a wurin, don filin da ya faɗa cikin hurumin kogi ko ka gina ana iya zuwa a sa masa jan fenti. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, tana fitar da na ambaliya, amma su ƙananan hukumomi suke ambata, ba za su gaya maka halin fulotinka ba. In mai filin ba zai iya jiranka zuwa Satumba ba, bar masa abinsa.

TAMBAYA: Rijiyarmu tana yin baƙi-baƙi da wari duk damina, da rani kuma ta koma garau. — Wata uwargida, Rigasa

AMSA: Uwargida, ku daina sha daga cikinta ba tare da tafasawa ba, tun daga ruwan farko. Ko dai ruwan tsakar gida ne ke gangarawa ta bakinta, ko kuma ruwan ƙasa ne ke tasowa ya haɗa ta da masai ko sokawe, naku ko na maƙwabta. Na farkon yana da sauƙi: a ɗaga bakin rijiyar ya kai ƙugu, a yaɓe cikinta da siminti daga sama zuwa kamar mita 3, a zuba kankare kewaye da ita mai gangara waje, a yi mata marfi, guga kuma a rataye shi, a daina ajiyewa a ƙasa. Na biyun awo ne. Abin da ake so tsakanin rijiya da masai mita 30 ne, wanda fulotin cikin Rigasa ba kasafai yake bayarwa ba. In tazarar ba ta kai ko rabin haka ba, rijiyar ta zama ta wanki da wanke-wanke, ruwan sha a nemo daga wani wuri. A kwashe sokawen yanzu kafin ƙasa ta jiƙe, motar kwasa ta fi sauƙin shiga layi a wannan lokacin.

Masu tambaya a kan gara da kuma ɗora faranten sola a kan kwano, ku tara a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.